Faifan hoton kan Baba ya ƙi buɗewa

Auwalu Tela: Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah mai sani ya taimaka min. Yau kwana goma sha tara ke nan da Baba ya faɗo daga kan babur yana dawowa daga kasuwar Maigatari, Alhamis ɗin nan da aka yi iska. A lokacin ƙujewa ce kawai a goshi, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, har faɗa ya yi mana da muka ce a je asibiti. To tun satin jiya sai ciwon kai da yawan barci, shekaranjiya kuma ya dube ni ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro. Jiya muka kai shi Kano aka yi masa hoton kai, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura mai kama da ƙaton zobe. Sun ba mu baƙin fim guda ɗaya da faifan CD, suka ce rahoto sai jibi, muka dawo gida. Ɗan yayarmu da ke aikin likita a Saudiyya ya ce a tura masa. Na ɗaga fim ɗin a taga na ɗauka da waya na tura, ya ce ba wannan yake so ba, abin da ke cikin faifan yake nufi. Yanzu ina shagon Nura a Gumel, an sa faifan, babu hoto ko ɗaya, sai wasu farare-fararen abubuwa masu lamba sun fi ɗari biyu. Ko faifan banza suka ba mu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Fati: Allah ya tashi kafaɗunsa.

Sista Binta: Auwalu, kafin a zo kan faifai. Ka ce kun dawo da shi gida? Tsoho ya bugu a ka, bayan sati biyu ya fara barci da rikicewa, ba a ajiye shi a ɗaki ana jiran jibi. Na yi shekaru a ɗakin marasa lafiya, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Tsofaffi jini kan taru musu a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, ba ya nuna kansa sai an kwana biyu. Ban ce shi ne ba, ban gan shi ba. Amma wa ke tare da shi yanzu? Yana amai? Hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi?

Auwalu Tela: Inna na tare da shi da ƙanina, Anti. Bai yi amai ba. Ya sha kunu da safe. Wallahi rashin wurin kwana ne ya sa muka dawo, ga kuɗin sun ƙare a hoton.

Sista Binta: To ka ce musu kada a ba shi asfirin ko irin magungunan ciwon jikin nan na kemis, suna iya ƙara zubar jini. In ya yi amai, ko ya ƙi tashi daga barci, ko baki ya karkace, ko ya yi jijjiga, a sa shi a mota ko tsakar dare ne.

Nura Mai Kwamfuta: Faifan ba banza ba ne, akwai kaya a ciki, wajen megabait 140. Akwai wani fayil mai suna DICOMDIR, sai folda cike da wasu marasa wutsiya irin su jpg a ƙarshen suna, IM0001, IM0002, haka har ƙasa. Na danna, kwamfuta ta ce ba ta san da me za ta buɗe ba. Na canza wa ɗaya suna na ƙara masa jpg a ƙarshe, nan ma ya ƙi.

Kabiru Mai Hoto: Nura don Allah tsaya haka, kada ka ƙara taɓa sunan ko ɗaya. Ina fata kwafi ka canza wa suna, tunda faifan kansa ba ya karɓar gyara. Aikina ke nan, ni nake kwantar da mutane a na'urar nan kullum. Abin da kuke gani shi ne ainihin hoton, kuma ya fi fim ɗin daraja nesa ba kusa ba. Sunan tsarin DICOM, da shi na'urorin hoton asibiti suke ajiya a duk duniya, da CT irin wanda aka yi wa Baba, da MRI, da eksire na zamani. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera na'urori ne suka fara shi a 1985, aka sabunta shi da wannan sunan a 1993, saboda kafin nan na'urar wannan kamfani ba ta karanta hoton wancan. Waɗannan fayil ɗari biyu da wani abu da kake gani, kowane ɗaya yanka ɗaya ne na kan Baba. Ka ɗauka kankana ce aka yi ta yankawa siriri-siriri tun daga ƙasa har sama. Shi kuma DICOMDIR kamar rajista ne, shi ke faɗin wane ne ke bin wane.

Auwalu Tela: To Yaya Kabiru, fim ɗin da suka ba mu fa? Ba shi ke nan ba?

Kabiru Mai Hoto: Fim ɗin zaɓe ne. Mu muke tsamo kamar ashirin ko talatin daga ciki mu jera a buga. Sauran suna faifai. Sannan akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Hoton waya na yau da kullum matakin haske 256 yake da shi tsakanin baƙi da fari. Hoton CT yana ɗauke da dubbai. Kowane ɗigo a ciki lamba ce ta ƙarfin abin da haske ya ratsa: ruwa sifiri, iska 1000 ƙasa da sifiri, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Ana kiran ma'aunin da sunan Hounsfield, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro na'urar, ya samu kyautar Nobel a 1979. Ido ba zai iya ganin dubban matakan nan lokaci guda ba, don haka likita yake matsa linzami ya zaɓi yankin da yake so. Ya saita wa ƙashi, sai tsagewa ta fito, ƙwaƙwalwa ta zama toka guda. Ya saita wa ƙwaƙwalwa, sai ƙashi ya zama fari fat. In ka buga fim, ka daskarar da shi a saiti ɗaya. In kuma ka ɗauki fim ɗin da waya a taga, ga inuwar ƙarfen taga, ga bishiyar darbejiya tana leƙowa ta baya, sannan WhatsApp ya matse shi, me ya rage?

Kuma abin da Anti Binta ta ambata shi ya sa ɗan'uwanku ya nace. Sabon jini fari yake fitowa a CT, tsoho ya yi duhu. Amma a tsakani, wajen sati biyu zuwa uku, launinsa kan zo kusan ɗaya da na ƙwaƙwalwa. Kwana goma sha tara ka ce. Irin wannan sai an yi ta gyara haske ana bin yanka ɗaya bayan ɗaya.

Malam Habu: Ikon Allah. Ashe darbejiyar gidan su Auwalu har Saudiyya ta je.

Shamsu Ɗalibi: Abin ba wuya fa. Nura ka shiga Google ka rubuta cewa kana son mayar da DICOM zuwa JPG, shafuka za su fito rututu, kyauta. Ka ɗora fayil ɗin, su mayar maka da shi hoto, ka sauke ka tura. Na taɓa yi wa wani abokina, minti biyar.

Kabiru Mai Hoto: Shamsu ka karanta abin da na rubuta kuwa? Mayar da shi JPG shi ne zubar da dubban matakan nan a koma 256. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan ɗaya. Na biyu, ka san wa ke da shafin da ka ɗora wa hoton abokinka?

Shamsu Ɗalibi: Sun rubuta cewa suna gogewa bayan awa ɗaya.

Kabiru Mai Hoto: Sun rubuta. Wa ya je ya duba?

Kawu Ila: Ni fa ina karanta ku ina mamaki. Ƙoƙon kan tsoho ɗan ƙauye, wane Bature ne zai sace shi ya yi me da shi? Ku bar yaro ya tura hoto a duba mutum. Kun tsaya kuna ta ilimi mara lafiya na kwance.

Kabiru Mai Hoto: Kawu ranka ya daɗe, gaskiyarka kan gaggawa, yanzu zan faɗa wa Nura abin da zai yi. Amma ba ƙoƙon kai kaɗai ke ciki ba. Kowane fayil ɗaya yana da rubutu a ɓoye a kansa: cikakken sunan mara lafiya, shekarunsa ko ranar haihuwa, lambarsa ta asibiti, ranar da aka yi hoton, sunan wurin, sau da yawa har sunan likitan da ya turo shi da abin da ake nema. Ko ka yanke sunan da ke jikin hoton, wannan yana nan. Kuma da yake yanka-yanka ne, in manhaja ta haɗa su za ta iya fito da siffar fuskar mutum. A 2019 'yan jarida a Amurka da Jamus sun bankaɗo cewa hotunan asibiti na miliyoyin mutane suna zube a intanet babu ko kalmar sirri, kowa zai iya buɗewa. Wannan fa a hannun asibitoci da kamfanoni ne masu suna, ina ga shafin da ba a san mai shi ba.

Maman Fati: Kawu, ku maza ba ku san zafin abin ba ne. A unguwarmu an yi wa wata yarinya hoton ciki saura wata biyu bikinta, ƙari ne aka gani a mahaifa, irin wanda mata da yawa ke da shi. Yayanta ya kai takardar da hoton wani shago a yi masa kwafi, yaron shagon ya karanta ya ba abokinsa labari. Kafin sati magana ta isa gidan angon cewa ba za ta haihu ba. Sai da manya suka sa baki. Yau 'ya'yanta uku. Ba sai Bature ya sata ba, na kusa ma ya isa.

Nura Mai Kwamfuta: Anti ba shagona ba ne dai ko? A faɗa wa jama'a.

Maman Fati: Ba kai ba ne, kai lokacin kana firamare.

Kawu Ila: To wannan na yarda. Amma na mace daban.

Sista Binta: Ba daban ba ne Kawu. A ce an ga wani abu a kan Baban su Auwalu, gobe ya sayar da gona ko ya yi wasiyya, wani ya fito da hoto ya ce ai tun lokacin ba ya cikin hankalinsa. Sirrin mara lafiya amana ce, mu haka aka koya mana, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta faɗe shi. A 2023 ma an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu.

Kabiru Mai Hoto: Nura ga aiki. Ɗan'uwansu likita ne, yana da manhajar buɗewa a wurinsa, don haka kai ba sai ka buɗe komai ba kafin ka tura. Ka kwafi duk abin da ke faifan, komai da komai har DICOMDIR, yadda yake, ka zuba a sabuwar folda. Ka dunƙule foldar ta zama zif, wato fayil guda ɗaya da ya ƙunshi duka. Ka tura masa ta WhatsApp a matsayin dokumen, ba a matsayin hoto ba, ta nan ba ya matsewa, kuma yana ɗaukar har gigabait 2. In sabis ya ƙi, a ɗora a Google Drive na Auwalu, a ba adireshin imel ɗin likitan izini shi kaɗai, kada a bar shi a buɗe ga duk mai mahaɗin. Kuma kada a turo shi nan, mu wajen ɗari biyu ne.

Nura Mai Kwamfuta: An gama dunƙulewa, ya koma megabait 70 da ɗoriya. Yana tafiya a hankali, sabis ɗin yau sai addu'a.

Auwalu Tela: Na ƙara data. Allah ya saka da alheri.

Nura Mai Kwamfuta: Kafin ya tafi, Yaya Kabiru, ni ma ina so in samu abin buɗewar nan, don ba wannan ne karo na farko da aka kawo min irin faifan ba. Akwai wani fayil a ciki da alamar manhaja, na danna ya yi kamar zai tashi ya mutu.

Kabiru Mai Hoto: Yawancin faifan da muke bayarwa da ɗan ƙaramin abin kallo a ciki, na Windows ne kawai, kuma wasu tsofaffi ne, sabuwar kwamfuta ba ta jituwa da su. Ka gwada shi daga kwafin da ke kan kwamfuta, wani lokaci jinkirin faifai ne ke kashe shi. In ya ƙi, akwai sanannu. MicroDicom na Windows ne, kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba, kuma ba shi da nauyi. Weasis kyauta ne gaba ɗaya, lambobin da aka rubuta shi da su a buɗe suke kowa na iya dubawa, yana aiki a Windows da Mac da Linux. RadiAnt na wani kamfani ne a Foland, yana da sauri ƙwarai, amma na kuɗi ne, ana ba da lokacin gwaji. Masu Mac suna da Horos. Kai da kake karɓar kuɗi a shago, Weasis ya fi dacewa da kai, babu wanda zai ce ka karya sharaɗi.

Shamsu Ɗalibi: RadiAnt ɗin akwai wanda aka fasa, ina da shi a wani zaure na Telegram. Zan turo maka Nura, ba ka biyan ko sisi.

Nura Mai Kwamfuta: A'a wallahi, riƙe abinka. Ni maciji ya taɓa sarata, yanzu ko tsumma na gani gudu nake. Bara waccan na sauke fasasshiyar manhajar gyaran hoto daga irin wuraren nan. Ta yi aiki lafiya lau kwana uku. Rana ta huɗu na kunna kwamfuta da safe, duk fayil ɗin da ke ciki an canza musu wutsiya, ko ɗaya ba ya buɗuwa, ga takarda da Turanci a kowace folda cewa in biya dala su ba ni makulli. Katin biki na mutum huɗu, aikin kammala karatu na wata 'yar kwaleji da ta yi wata biyu tana kawo min ina buga mata, hotunan fasfo, duka. Yarinyar nan a bakin shagona ta zauna tana kuka, mutane na wucewa suna kallona kamar na yi mata wani abu. Sai da na yi sati ina sake buga mata daga rubutun hannunta kyauta, da janareto, da man aljihuna. Araha ba ta ado.

Shamsu Ɗalibi: Kai ne ba ka sa maganin bairos ba.

Nura Mai Kwamfuta: Ina da shi. Umarnin da ya zo da fasasshiyar ne ya ce in kashe shi kafin in girka, ni kuma na kashe da hannuna. Duk haka suke cewa.

Malam Habu: To ni tambayata ta jahilin abu. Kabiru ya lissafo sunaye, mun yarda da shi don mun san shi mun san gidansu. Wanda ba shi da Kabiru fa, ya zai gane ta gari? Don ni in na shiga Play Store duk iri ɗaya nake ganin su, kowacce da taurarinta.

Kabiru Mai Hoto: Malam ai tambayar ke nan. Abu na farko da nake dubawa shi ne daga ina za a sauke ta. Ko sunan daidai ne, in wurin ba daidai ba ne an gama. In ka rubuta sunan a Google, na saman nan sau da yawa talla ne, wasu kuma shafukan tara-gwangwani ne da ke lulluɓe manhajar da nasu tarkacen. Ka nemi shafin masu ita, ka karanta adireshin harafi-harafi. In ka zo girkawa, Windows yakan nuna sunan wanda ya wallafa ta, in ya ce ba a san shi ba ka dakata ka tambaya. Sai kuma ka dubi abin da take nema a wurinka. Abin kallon hoto ba ruwansa da lambobin wayarka, ko saƙonninka, ko inda kake. Na taɓa ganin wata a wayar wani abokin aiki, kafin ta buɗe hoto sai ta ce a yi rajista da lambar waya, sannan ta ɗora hoton can wurinsu kafin ta nuna maka. Gwaji mai sauƙi: kashe data ka buɗe. In ta nuna hoton, to a cikin na'urarka take aiki. In ta ce sai da intanet, ka san hoton fita yake yi.

Taurari kuwa, Malam, ana sayensu kamar yadda ake haya wa ɗan siyasa 'yan tafi.

Sista Binta: Ni kuma ina da ja a kan wannan duka. Kuna koya wa Nura buɗe hoton asibiti a shago. Gobe wani zai zo da faifai, su zauna su biyu suna juya kan mutum, Nura ya nuna wani farin tabo ya ce ai ga shi nan. Mutum ya koma gida bai yi barci ba, ko ya tafi wurin mai magani a kasuwa. Mun sha fama da masu kemis da suka zama likitoci, yanzu za a ƙara mana masu kwamfuta.

Nura Mai Kwamfuta: Haba Anti. Ni na ce zan yi fassara?

Sista Binta: Ba ka ce ba, amma za a tambaye ka, kuma da wuya Bahaushe ya ce ban sani ba in an taru a kansa.

Kabiru Mai Hoto: Anti tana da gaskiya, kuma ni kaina abin ya shafe ni. Shekara da shekaru ina ɗaukar hoton nan, ina ganin abubuwa, amma ba ni nake rubuta rahoto ba, akwai likitan hoto da ya karanci wannan. In ɗan'uwan mara lafiya ya tare ni a ƙofa ya ce me ka gani, cewa nake a jira likita, in na ga abin gaggawa ne in je in kira shi da kaina. A cikin kan mai lafiya ma akwai wuraren da kan yi fari saboda alli da ke taruwa da shekaru, wanda bai sani ba zai rantse jini ne. Hatta hagu da dama a juye suke, daman mara lafiya tana hagun mai kallo. Da yawa daga manhajojin kyautan nan su da kansu sun rubuta cewa ba don yanke hukuncin cuta aka yi su ba.

Amma ban yarda a ce kada Nura ya mallake ta ba. Amfaninta a wurinsa a tabbatar faifan na aiki kafin mutum ya kashe kuɗin mota zuwa Kano ko Dutse ya tarar babu komai a ciki. Kuma a duba sunan da ranar da ke saman hoton. Mu mutane ne, rana ɗaya ana iya yi wa Musa Ibrahim uku hoto, faifai na iya shiga ambulan ɗin da ba nasa ba. Nura ya duba suna, ya ƙirga hotuna, ya rufe bakinsa, ya goge kwafin in an gama.

Sista Binta: In zai tsaya nan, to. Nura ka ji, ya rufe bakinsa.

Nura Mai Kwamfuta: Na ji Anti. Na sauke Weasis daga shafinsu, na kashe data na gwada kamar yadda aka ce, ya buɗe. Sunan Baba ne, ranar jiya ce, hoto 236. Ban ga komai ba, ban san komai ba. Zif ɗin ma ya tafi, alama biyu ta fito.

Kawu Ila: Yaro ya ɗau karatu.

Maman Fati: Auwalu ka ce ya kwafa maka a filas ma. Faifan nan in ya kwana biyu a aljihu ko a gaban mota rana ta doke shi, shi ke nan. Na Baban Fati a ƙarƙashin katifa na ajiye, da muka je da shi duk ya kakkarce.

Kabiru Mai Hoto: Haka ne, a ajiye kwafi biyu. In an sake yin hoto nan gaba, likita zai so ya kwatanta da na farko, wani lokaci kwatancen ya fi sabon hoton amfani. Amma filas ɗin ya zama sabo ko wanda aka wanke, kuma ku tafi da faifan ma, don asibitoci da yawa ba sa yarda a soka filas ɗin waje a kwamfutarsu. Auwalu, ka kira lambar da ke jikin ambulan ɗin yanzu, ka ce mara lafiya yana rikicewa, kana roƙon a duba nasa yau. In an faɗa musu haka ana tsallako da shi gaba.

Auwalu Tela: Na kira. Sun ce za su gaya wa likitan.

Auwalu Tela: Jama'a ɗan yayarmu ya kira ni yanzu. Ya buɗe. Ya ce akwai jini da ya taru a gefe ɗaya yana danne ƙwaƙwalwa, a hoton da na tura na taga sam bai fito sosai ba. Ya ce kada mu jira gobe, a kai shi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano yau, a nemi likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, mu tafi da faifan da fim ɗin. Ya ce irin wannan ana aikinsa a zuƙe jinin, kuma ana samun sauƙi da yardar Allah in an yi da wuri. Ga ni nan zan hau babur zuwa gida.

Sista Binta: Alhamdu lillahi da aka gani. Kada a ba shi abinci ko ruwa daga yanzu, ko za su shiga da shi tiyata. Ku ɗauki duk maganin da yake sha a leda ku nuna musu, har na hawan jini. Ku tafi da mutum biyu masu ƙarfi da za su iya ba da jini.

Malam Habu: Motata na nan da mai rabin tanki. Ina alwala in yi la'asar, in same ku a ƙofar gida. Wanda Allah ya hore wa abin taimako ya same ni ta gefe, ba a nan ba.

Shamsu Ɗalibi: Ina Kano, zan jira ku a bakin get. Jinina O ne.

Nura Mai Kwamfuta: Auwalu ka bar faifan a cikin kwamfuta! Dawo, ko ka tsaya a gidan mai na kan hanya in kawo maka da filas ɗin.

Auwalu Tela: Na tsaya. Kawo.

Kawu Ila: Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi a sa'a. Nura, in ka dawo kada ka rufe shago da wuri. Akwai wani faifan hoton gadon bayana da aka ba ni shekara uku da suka wuce, yana cikin akwati tare da takardun gona, ban taɓa sanin ko da abu a cikinsa ba.